Na gwada manhajar nan mai faɗa maka sunan wane sarki ko shugaba aka sa wa jami'a, ga yadda na same ta

Akwai wata manhaja ta waya da masu neman gurbin karatu da tallafin karatu a ƙasashen waje suke amfani da ita wajen binciken jami'o'i, ka rubuta sunan makaranta ta fito maka da ƙasar da take da garin da shekarar da aka kafa ta da kwasa-kwasan da ake yi da harshen da ake koyarwa da shi. Irinta suna da yawa kuma kusan duk abu ɗaya suke yi, amma ita wannan tana da wani ɓangare da ban gani a sauran ba, a ƙarƙashin kowace jami'a akwai wajen da zaka danna ya nuna maka sunan wa aka sa mata, waye shi, da sunayen da ta taɓa amsawa a baya da shekarunsu. A kan wannan ɓangaren zan yi magana. Ba zan kama sunan manhajar ba, ba talla aka ba ni ba, kuma akwai wuraren da zan ɗan caccake ta. Idan tauraro biyar ake bayarwa ni uku zan ba ta, ukun ma saboda ɓangaren tarihin sunaye ne.

Wani zai ce to meye amfanin wannan, ai karatu mutum zai je yi ba gaisuwar sarki ba. Amfanin ranar cike fom yake fitowa. Takardar shaidar digiri ba ta canzawa, sunan da aka buga a jikinta ranar da ka gama shi zai zauna har ka tsufa, amma ita makarantar tana iya wayar gari da sabon suna saboda sojoji sun yi juyin mulki ko wani babba ya rasu ko majalisa ta zauna ta ɗaga hannu. Sai ka zo neman digiri na biyu a wata ƙasa ko neman aiki, masu tantance takardu su duba jerin da ke hannunsu su ga babu jami'a mai wannan sunan, shi ke nan an shiga kawo wasiƙa kaza kawo shaida kaza har lokacin rufe fom ya wuce. Kuma idan ka zauna kana bin sauye-sauyen nan ɗaya bayan ɗaya a cikin manhajar zaka lura yawancinsu labari ɗaya ne, ko dai an ɗora sunan wani mai mulki ko an sauke shi.

Yadda suka tsara abun ya burge ni gaskiya. Dogon layi ne mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo shekara ce da sunan da makarantar ta ɗauka a shekarar, ka taɓa ɗigon ya buɗe maka bayani ɗan gajere. Ka shiga Masar ka ga aiki. Jami'ar Alkahira an kafa ta 1908 da sunan Jami'ar Masar, 1940 ta koma Jami'ar Fu'ad na Ɗaya, da su Jamal Abdul Nasir suka kifar da sarauta a 1952 aka goge sunan sarkin aka sa na birnin. Ta Iskandariya an buɗe ta 1942 da sunan Sarki Faruk, wanda shi aka kora ɗin, ita ma ta bi sahu. Ain Shams da farko sunan Ibrahim Fasha gare ta. Wato juyin mulki ɗaya ya share sunayen gidan sarauta daga ƙofofin manyan jami'o'in ƙasar kaf, kuma manhajar ta haɗa su da juna, kana karanta ɗaya tana nuna maka sauran da abun ya shafa a lokaci guda. Haka ta yi a Iran, Jami'ar Pahlavi ta koma Jami'ar Shiraz bayan juyin juya halin 1979, jami'ar fasaha ta Aryamehr da ke Tehran, wanda laƙabin Shah ne, sarkin Iran, ta koma Sharif. Habasha ma haka, Haile Selassie ya bayar da fadarsa aka mayar da ita harabar jami'a aka sa mata sunansa, sojoji suka tumɓuke shi a 1974, shekara na zagayowa ta zama Jami'ar Addis Ababa. Fadar tana nan, sunan ne ya tafi. Sarki goma zamani goma.

Waɗanda suka fi ba ni nishaɗi su ne sunayen da suka tafi suka dawo, kuma a nan layin ɗigon nan ya fi amfani don da baki aka faɗa maka sai ka rikice. Ta Kumasi a Gana ta samu sunan Kwame Nkrumah a 1961 yana kan mulki, aka hamɓarar da shi a 1966 aka cire sunan ta zama jami'ar kimiyya da fasaha kawai, sai 1998 aka dawo mata da shi, kaga duk wanda ya gama a tsakanin nan takardarsa babu Nkrumah a jiki alhali makaranta ɗaya ce. Ta Mosko wadda ɗaliban Afirka da yawa suka yi karatu a cikinta, an kafa ta 1960, aka sa mata sunan Patrice Lumumba a 1961 bayan an kashe shi a Kongo, Tarayyar Sobiyet na rushewa aka cire sunan a 1992, sai ga shi a 2023 an mayar, daidai lokacin da Rasha take zawarcin ƙasashen Afirka, wannan kuma ba sai an yi wa kowa fashin baƙi ba. Har Saudiyya da mutum zai ɗauka sunan sarki ba ya motsi, Jami'ar Sarki Sa'ud da aka kafa 1957 ta taɓa komawa Jami'ar Riyad bayan an sauke Sa'ud ɗin an naɗa Faisal, sai 1982 sunan ya dawo. Duk waɗannan manhajar ta kawo su daidai da shekarunsu, a nan kam na jinjina musu.

Ɓangaren Turai da Amurka shi ya fi cika, ka san daga gani can masu haɗa ta suke ko kuma can suka fi samun bayanai. Har ƙananan abubuwa sun sa, misali Jami'ar Columbia ta New York asalinta King's College ce da Sarki George na Biyu ya ba wa izini a 1754, da Amurka ta ƙwaci kanta daga Ingila aka canza a 1784, amma William and Mary ta Virginia da aka kafa 1693 da sunan sarki da sarauniyar Ingila ta riƙe nata har yau, ƙasa ɗaya yaƙi ɗaya amma kowa da yadda ya yi. Sun kawo na baya-bayan nan ma, Princeton ta cire sunan Woodrow Wilson daga makarantarta ta harkokin mulki a 2020 saboda wariyar launin fata da ya yi, duk da ya shugabanci jami'ar kafin ya shugabanci ƙasar, sannan Jami'ar Münster ta Jamus ta ajiye sunan Sarki Wilhelm na Biyu a 2023 bayan doguwar muhawara. Wato ba sai da tankar yaƙi ake sauke suna ba, wani lokacin ɗalibai da malamai ne suke zama su ce mu fa mun gaji da ɗaukar wannan mutumin a ka.

To yanzu inda take da matsala.

Babban abun da ya dame ni shi ne duk ta zuba su a kwando ɗaya. Kowace jami'a rubutu iri ɗaya ne, an sa mata sunan wane, sarki ne ko shugaban ƙasa, an haife shi shekara kaza ya rasu shekara kaza, shi ke nan. Ba ta faɗa maka alaƙar mutumin da makarantar, kuma a ganina nan ne duk labarin yake. Charles na Huɗu shi da kansa ya kafa jami'ar Prague a 1348, Sultan Qaboos a zamaninsa aka gina ta Oman aka buɗe 1986, Sardauna shi ya tsaya kai da fata har aka buɗe ta Zariya ranar 4 ga Oktoba 1962 kuma shi ne uban jami'ar na farko. Wannan daban yake da wanda bai taɓa sanin za a yi ba, aka karrama shi bayan ƙasa ta rufe masa ido, irin Nehru da ya rasu 1964 aka kafa jami'a da sunansa a Delhi 1969, ko Eduardo Mondlane da aka kashe 1969 aka sa wa ta Maputo sunansa 1976 bayan 'yancin Mozambik, ko Tafawa Ɓalewa da aka kashe 1966 sunansa bai hau ta Bauchi ba sai 1988, ko Awolowo da Jami'ar Ife ta koma sunansa 'yan kwanaki bayan rasuwarsa a watan Mayun 1987. Kuma duka biyun daban suke da makarantar da take zaune lafiya da sunanta sai kawai aka liƙa mata sunan wanda yake kan kujera a lokacin, kamar ta Libreville a Gabon da ta zama Omar Bongo yana tsakiyar mulki, ko ta Rize a Turkiyya da ta zama Recep Tayyip Erdogan a 2012 yana firaminista. Mai karatu ya kamata ya san wanne ne a ciki, don shi zai ba ka hasken ko sunan mai zama ne ko na haya ne. Ba ina cewa doka ce ba fa, Nazarbayev shugaban Kazakhstan ya buɗe jami'a da sunansa a 2010, ya sauka, babban birnin ƙasar da aka mayar Nur-Sultan don shi a 2019 ya koma Astana a 2022, amma jami'ar ba a taɓa ta a lokacin ba. Sai dai duk da haka bayanin yana da amfani kuma layi ɗaya ne kacal za su ƙara.

Wannan sakacin har kuskure yake jawo musu. A ƙarƙashin jami'ar Krakow ta Poland sun rubuta wai sunan wanda ya kafa ta ne, alhali Sarki Casimir ne ya kafa ta a 1364, sunan da take amsawa kuma na gidan sarautar Jagiello ne da suka farfaɗo da ita a 1400. Idan a Turai da suka fi ƙwarewa an samu wannan, to kai ka san me za a tarar a Afirka.

Na buɗe Jami'ar Bayero ta Kano sai ga hoton marigayi Ado Bayero da tarihinsa. Haba jama'a. Sunan mahaifinsa ne, Sarki Abdullahi Bayero da ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, makarantar ta fara a 1960, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, shi kuwa Ado sai 1963 ya hau gadon sarauta, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Abun dariyar ma shi ne a layin ɗigon nasu sun rubuta Kwalejin Abdullahi Bayero daidai, amma a sama hoton ɗansa ne, wato inji ne ya ga Bayero ya je ya kwaso wanda ya fi fitowa a intanet, babu mutum mai ido da ya duba. Na leƙa Yamai kuma na tarar sun jera Abdou Moumouni a cikin 'yan siyasa, bawan Allah malamin kimiyya ne da ya yi suna a binciken makamashin hasken rana, ya shugabanci jami'ar. Ga dukkan alamu duk sunan ɗan Afirka da suka gani a ƙofar jami'a sai su ɗauka tsohon shugaban ƙasa ne, wannan kuma akwai raini a ciki ko da ba da gangan suka yi ba. Ta Sakkwato sun kawo 1975 da sauyin suna na 1988 daidai, amma bayanin da suka yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo layi biyu ne, ba maganar littattafansa ba maganar malantarsa, ga wani basaraken Jamus da ko a ƙasarsa ba kowa ya san shi ba an cika masa shafi.

Sai matsalar sanarwa da doka, wadda ita ce za ta iya cutar da mai cike fom kai tsaye. A layin Jami'ar Legas sun sa ɗigo a 2012 da sunan Moshood Abiola kamar an yi an gama. Abun da ya faru shi ne Shugaba Jonathan ya sanar a jawabinsa na 29 ga Mayu 2012, ɗalibai suka fito zanga-zanga suka tare hanyoyi, aka je kotu, maganar ta bi ruwa, makarantar ba ta bar sunanta ba. Sunan jami'ar tarayya a cikin dokar da ta kafa ta yake, sai majalisa ta gyara dokar kafin ya tabbata, jawabi kaɗai ba ya yi. Ya kamata a ce ɗigon sanarwa launinsa daban, na sunan da ya zama doka daban. Su kuma ga wanda bai tabbata ba sun sa, ga sababbi ba su kawo ba, babu ko alamar sanarwar mayar da Jami'ar Abuja sunan Yakubu Gowon da aka yi a Disambar 2024, babu ta Jami'ar Maiduguri da Shugaba Tinubu ya sanar da sa mata sunan Muhammadu Buhari a Yulin 2025 bayan rasuwarsa. Bangladesh ma haka, tun da gwamnatin Sheikh Hasina ta faɗi a Agustan 2024 aka bi jami'o'i da dama ana cire sunayen 'yan gidansu, har babbar jami'ar likitanci ta Dhaka da take ɗauke da sunan mahaifinta Sheikh Mujib, amma a manhajar duk suna nan da tsofaffin sunaye. Na Jamus na 2023 ya shiga, namu sai a hankali. Kuma babu inda suke rubuta ranar da aka sabunta bayani na ƙarshe, da akwai da mutum ya san iya inda zai yarda da su.

Wajen nema ma sai a hankali. Ba ta gane gajerun sunayen da kowa yake kira, ka rubuta ABU ta kawo maka makarantun Abu Dhabi, ka rubuta BUK ko KNUST ta Kumasi ko JNU ta Delhi ta ce babu. Sannan masu suna iri ɗaya ba ta raba su da kyau a jerin farko, suna kawai take nunawa sai ka shiga ciki zaka ga ƙasar. King's College ta Cambridge da Henry na Shida ya kafa 1441 da King's College ta Landan ta zamanin George na Huɗu 1829 suna fitowa a jere kamar abu ɗaya, ɗaya kwaleji ce a cikin jami'a ɗaya kuma cikakkiyar jami'a ce. Queen's ta Kanada da Queen's ta Belfast duk don Sarauniya Victoria ne amma teku ne a tsakaninsu. Washington kuwa guda nawa ne, akwai George Washington a babban birni, akwai wadda take St. Louis, akwai ta Seattle wadda ita sunan jiharta ta ɗauka. Ka rubuta Sarki Faisal ta kawo ta Al-Ahsa a Saudiyya kawai, ta N'Djamena a Cadi babu ita sam. Na Saudiyya su ne ma suka fi rikita sabon shiga, Abdul'aziz a Jidda, Fahad a Dhahran ta man fetur da ma'adinai, Khalid a Abha, Abdullah a Thuwal wadda ita digiri na biyu da na uku kawai take yi, yaro mai neman digirin farko ya ga Sarki ya ga Saudiyya ya danna ba tare da ya lura ba. Ɗan ƙaramin tuta da sunan gari a gefen kowane suna ya isa ya kashe wannan matsalar.

Sauran abubuwa ba laifi. Ba ta da nauyi, ba ta cin data sosai idan ka kashe hotuna, tana buɗewa ko da network ɗin yana rawa, kuma jami'ar da ka taɓa buɗewa tana zama a wayar ka duba ba intanet. Ta kyautar tana da talla mai yawa, har da irin na ejan-ejan masu alƙawarin sama maka admishan cikin sati ɗaya, waɗanda ni ban ga dalilin da manhajar ilimi za ta bari suna yawo a cikinta ba. Ta kuɗin tana cire tallan ta ba ka damar fitar da tarihin sunan makaranta a takarda ɗaya, sai dai kar wanda ya ruɗe, wannan takardar ba hujja ba ce a wajen masu tantancewa, su wasiƙa suke so daga ofishin rijistara na makarantar da kanta mai cewa wance ita ce wance. Turanci da Faransanci kawai take yi, babu Larabci, wanda abun mamaki ne ga manhajar da jami'o'in sarakunan Larabawa suka cika ta.

Wanda yake son tarihi ko malami mai neman misalan da zai ba ɗalibai zai ji daɗinta sosai, ni kaina na sha shiga don duba abu ɗaya in ɓige ina bin sarakunan Maroko daga Muhammad na Biyar ta Rabat zuwa Hassan na Biyu ta Casablanca. Mai neman makaranta a Turai ko Amurka ko Masar shi ma za ta yi masa. Amma idan takardarka daga Afirka ta Yamma take ko Kudancin Asiya kuma kana so ka san sunan da zaka rubuta a fom yau, kar ka tsaya a kanta, ka tambayi makarantar ko hukumar da take kula da jami'o'in ƙasar.

Akwai wajen kai gyara a ƙasan kowane shafi, na tura musu na Bayero da na Abdou Moumouni da na Legas tare da shekarun. Amsar da ta dawo ta inji ce, wai sun gode za su duba. An sabunta manhajar bayan nan, an canza launin maɓallai an ƙara wani sabon talla a sama, gyaran dai ko ɗaya bai shiga ba.